Mena Sau Biyu a Kofin Afirka, da Abin da Ya Hana Na Uku

 

Maganar yau a kan Mena ce, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, da tarihinta a gasar cin kofin ƙasashen Afirka wadda muka fi sani da CAN. Tarihin ba shi da tsawo. Sau biyu muka je, a 2012 da 2013. Mun buga wasa shida, mun zura ƙwallo ɗaya, an zura mana tara, mun yi canjaras sau ɗaya, ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Daga nan aka yi gasa shida a jere, tun daga 2015 har zuwa 2025, babu mu a ciki, alhali tun 2019 an faɗaɗa gasar daga ƙasashe 16 zuwa 24. Abin da nake so in kafa muku hujja a kansa shi ne, ƙarfin da ya kai Mena can daga cikin gida ya fito, sai dai gidan da aka jingina a kansa bai wuce birni ɗaya ba. Muddin hanyar da ake bi a sa rigar ƙasa ba ta ratso ta garuruwanmu na Magaria da Dungass irin su Bande da Wacha da Malawa da Dogo-Dogo ba, zuwa na uku zai yi wuya, in ma an je za a dawo kamar yadda aka dawo a baya.

Mu fara da yadda aka samu tikitin farko, domin a nan rabin hujjar take. An saka Nijar a rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ce ke riƙe da kofin a lokacin, ta ɗauke shi sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da sallamar baƙin gasar kofin duniya ba. Da aka doke mu ci biyu da nema a Afirka ta Kudu cikin Satumban 2010, kowa ya ce daman haka aka zata. Sai ga ranar 10 ga Oktoba 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai, Moussa Maazou ya zura wa Masar ƙwallo ɗaya mai ban haushi, aka tashi a haka. A Maris na 2011 Saliyo ta zo Yamai ta sha uku da ɗaya. A Satumba Afirka ta Kudu ta zo ta sha biyu da ɗaya. To amma ku juya takardar ku ga bayanta. A Freetown an ci mu ɗaya da nema, a Alƙahira an ci mu uku da nema, kuma Masar ɗin da ta yi mana haka ta riga ta fita daga lissafi, matasanta ta sako. Ke nan wasa uku a gida, nasara uku, ƙwallo shida; wasa uku a waje, rashin nasara uku, ba ƙwallo ko ɗaya. Maki taran da suka kai mu Gabon, inda muka buga gasar 2012, duk a Yamai aka tara su. Shekarar da ta biyo baya ma haka ta kasance. Gini ta ci mu ɗaya da nema a Konakiri, ta zo Yamai a Oktoban 2012 muka rama da biyu da nema, muka wuce.

Akwai masu cewa zuwan 2012 sa'a ce kawai, kuma suna da abin da suke nunawa. Ranar 8 ga Oktoba 2011, yayin da ake lallasa mu a Alƙahira, Afirka ta Kudu tana wasa da Saliyo a Nelspruit. Mai horar da su, Pitso Mosimane, ya ɗauka canjaras ya ishe su, tunda sun fi mu yawan ƙwallaye idan an yi ragi. Suka riƙa jan lokaci, alƙalin wasa ya busa tashi babu ci, ƴan wasan suka zagaye fili suna rawa gaban ƴan kallo. Ba su farga ba cewa dokar hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF, ta ce idan maki ya zo daidai, abin da ake fara dubawa shi ne sakamakon wasannin da masu kunnen dokin suka yi a tsakaninsu. Ƙasashe uku ne ke da maki tara. A tsakaninsu Nijar na da shida, Afirka ta Kudu biyar, Saliyo biyar. Mai cewa sa'a ce yana nufin da Mosimane ya karanta dokar da ya tura yaransa neman ci, wataƙila da labarin ya sauya. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai dokar a rubuce take tun kafin a busa wasan farko, kowa aka ba shi, kuma maki shidan nan ba tsintarsu aka yi ba, doke Saliyo da Afirka ta Kudu aka yi a fili. Sannan sa'a ba ta bayyana yadda aka fitar da Gini bayan shekara ɗaya, Ginin da ita ce ta hana Najeriya zuwa gasar 2012 da ta yi mata biyu da biyu a Abuja.

To daga ina wannan ƙarfi ya fito? Wanda ya bibiyi shekarar 2010 ya ga alamunsa. A shekarar ce AS FAN, ƙungiyar sojojin ƙasa, ta fitar da Étoile du Sahel ta Tunisiya, da Motema Pembe ta Kinshasa, da Al-Merrikh ta Sudan, ta shiga matakin rukuni na gasar Confédération ta Afirka. A shekarar ce kuma ƴan wasanmu masu taka leda a cikin gida suka fitar da Najeriya a neman gurbin gasar CHAN, wato gasar da ba a sako ɗan wasan da ke buga wa ƙungiyar waje. Suka je Sudan a 2011 suka tsallake rukuni, sai mai masaukin baƙi ce ta fitar da su da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mai horar da su ɗan ƙasa ne, Harouna Doula Gabdé, kuma CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na Afirka na shekarar 2011. Ƴan wasan da suka yi suna a waje ba su da yawa. Akwai Maazou da ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam, daga can CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009, akwai mai tsaron gida Kassaly Daouda da ke Coton Sport ta Garwa a Kamaru. Sauran ginshiƙan mutane ne da suka san juna, suna haɗuwa a filayen Yamai mako bayan mako, mai horarwa ya san ƙafar kowa da halin kowa. Wannan sabo shi ne jarin Mena, ba kuɗi ba, ba kuma suna ba.

Yanzu mu shiga gasar kanta, mu tsaya a kanta da kyau. A Libreville, ranar 23 ga Janairu 2012, Gabon mai masaukin baƙi ta ci mu biyu da nema, Pierre-Emerick Aubameyang ne ya buɗe. Kafin tafiya an kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, bayan wannan wasa ɗaya ragama ta koma hannunsa, Harouna Doula, mutumin da ya kawo ƙungiyar har nan, ya koma gefe. A ganina wannan kuskure ne, domin an raina ainihin abin da ya kawo nasarar, aka nuna wa kowane mai horarwa ɗan ƙasa cewa aikin shekara biyu yana iya rushewa da wasa ɗaya. Wasa na biyu da Tunisiya shi ne mafi kyawun abin da Mena ta taɓa yi a wannan gasa. Tun ba a zauna ba Youssef Msakni ya ci mu, bayan ƴan mintuna William N'Gounou ya farke, ƙwallonmu ɗaya tilo ke nan a tarihin CAN har yau. Maazou ya yi ta kutsawa tsakanin ƴan bayansu, dama ta yi ta zuwa tana wucewa. Ana dab da tashi Issam Jemâa ya zura ta biyu. Da Maroko an riƙe har ƙarshen wasa ya matso, sannan Younès Belhanda ya ci. A 2013, a Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Gernot Rohr, wanda shi ne ke jan ragamar Gabon lokacin da ta doke mu, an riƙe Mali har minti na 84 kafin Seydou Keita ya ci. Da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango aka tashi babu ci, Kassaly Daouda ya yi ta kaɗe ƙwallaye, muka samu makinmu na farko. Gana ta rufe da uku da nema.

Ku lura da abu guda. Cikin wasa biyar da muka rasa, uku da ƙwallo ɗaya aka rinjaye mu, kuma duka ukun a minti goma sha biyar na ƙarshe ƙwallon ta shiga. Ƙungiyar da ba ta iya wasa ba, tun farko ake gamawa da ita. Wadda ake ci a ƙarshe kuwa, ta iya, ta jure, sai dai lokacin da ƙafafu suka yi nauyi, abokin karawa ya waiwaya benci ya sako sabon jini mai ƙwarewa irin ta wanda ya fita, ita kuwa in ta waiwaya sai ta tarar na bencin bai kai na cikin fili ba. Jemâa da ya ci mu daga benci ya taso. Idan aka tsare Maazou an tsare harin Nijar gaba ɗaya, kuma masu horarwa na Afirka ba su daɗe ba suka gane haka. Muna da goma sha ɗaya na kirki, ba mu da ashirin da uku. Wannan ba matsalar zuciya ba ce, ba kuma matsalar dabarar rana ɗaya ba, matsalar yawan waɗanda ake zaɓa daga cikinsu ce. Manomin da gonarsa ɗaya ce, in damina ta yi kyau zai cika rumbu, amma ba shi da inda zai juya ranar da ruwa ya tsallake wannan gona.

Dubi babban rukunin gasar ƙasa ka ga faɗin gonar. Sahel SC, Olympic FC, AS FAN, AS GNN, AS Douanes, AS Police, US Gendarmerie, AS SONIDEP, Nigelec, Zumunta, dukansu a Yamai suke. Yawancinsu na hukumomi ne, soja da jandarma da ƴan sanda da kwastan da kamfanonin gwamnati, kuma ƙarfinsu shi ne suna iya ba yaro albashi, wani lokaci har da aikin yi bayan ya ajiye takalmi. Ba laifi ba ne, su suka riƙe ƙwallon ƙasar nan. Amma ku tuna Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta ɗauka a 1984, daga nan shekara arba'in ke nan kofin yana zagaye cikin Yamai. Sai ku ɗora wannan a kan ƙidayar jama'a ta 2012. A wancan lokaci Nijar tana da mutum miliyan 17 da ɗoriya, jahar Damagaram ita ce kan gaba da fiye da miliyan uku da rabi. Gundumar Magaria tana da fiye da dubu 570, ta Dungass, wadda aka cire daga Magaria a 2011, fiye da dubu 350. In ka haɗa su sun haura dubu 900, Yamai gaba ɗayanta kuwa miliyan ɗaya ce da ƴan kai. Gundumomin nan biyu sun kusa kamo babban birni a yawan jama'a, kuma kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara goma sha biyar ba. Ku fita da la'asar sakaliya a kowane gari daga Sassumburum zuwa Guci, za ku tarar da yara a filin makaranta ko bayan kasuwa, an kafa duwatsu biyu ko takalman roba a matsayin raga, rabi da riga rabi ba riga don a gane ɓangare, ƙafa ba takalmi cikin rairayi, ana bugawa har kiran sallar magariba ya raba. Yaron da ya fi kowa a wannan fili, tsakaninsa da idon mai horarwar ƙasa akwai tafiyar kusan kilomita dubu. In bai da ɗan'uwan da zai sauka wurinsa a Yamai, zai kai shekara goma sha takwas ba wanda ya taɓa rubuta sunansa a takardar lasisi, daga nan sai aure da noma da ci-rani su ɗauke shi.

Wani zai ce haka ƙasar take, tana da faɗi, hanyoyi da nisa, ba yadda za a yi a tsefe kowane ƙauye. Amsar wannan tana hannunmu, ba sai mun je wata ƙasa aro ba. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar farko a Tawa kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kokowar gargajiya take da tsanin da ƙwallo ba ta da shi. Ana fara zaɓe daga ƙasa, a hau zuwa gunduma, a hau zuwa jaha, kowace jaha ta fitar da ƴan kokowa goma, jahohi takwas su haɗu. Gasar ba ta zaune a Yamai, zagayawa take daga jaha zuwa jaha, kowace tana da filinta, namu na Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa. Saurayin da ya kayar da kowa a dandalin garinsu bayan kaka ya san matakin da ke gabansa, ya san wanda zai kai shi, ya san in ya ci gaba da kayarwa za a ji sunansa a rediyo daga Diffa har Tillaberi. Shi ya sa sarakunan kokowa suke fitowa daga sassa dabam-dabam, Issaka Issaka daga Dosso, Balla Harouna daga nan Damagaram, kuma shi ya sa idan aka zo kokowa a Afirka ta Yamma ake lissafa Nijar kafaɗa da kafaɗa da Senegal. Ƙasa ɗaya ce, nisa ɗaya, talauci ɗaya. Bambancin shi ne an gina wa kokowa hanya daga ƙauye zuwa sama, ƙwallo kuwa an bar ta tana jiran wanda ya iya kai kansa birni. Na san ɗan kokowa shi kaɗai ne, ƙungiyar ƙwallo kuwa mutum ashirin ne da mota da masauki, don haka tsadar ba ɗaya ba ce. Amma wannan dalili ne na a tsara gasar ta yadda ƙungiyar Kwaya za ta kara da ta Yekuwa da ta Dan Ciyau a kusa, sai zakaru kaɗai su yi doguwar tafiya.

Akwai suka mafi nauyi, kuma ba zan wuce ta da gaggawa ba. Mutum zai ce, a yankin da kowace damina asibitin Magaria ke cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tun 2005 tana aiki a nan, wane ne zai tashi yana maganar ƙwallo? Wanda ya faɗi haka ya faɗi gaskiya game da abin da ya fi muhimmanci. In an ce a zaɓa tsakanin gadon asibiti da filin wasa, gadon za a ɗauka, ba gardama. Sai dai ba wannan zaɓi ke gabanmu ba. Kuɗin ƙwallo suna nan, kuma ba su da hanyar zuwa asibiti. Hukumar FIFA, a shirinta na Forward na 2023 zuwa 2026, ta ware wa kowace ƙasa mamba har dalar Amurka miliyan takwas don raya ƙwallo, ba a yarda a kashe su a wani abu dabam ba. Tambayar ita ce nawa ne daga ciki ke wuce Dosso ya yi gabas. Sannan mu tuna, da za a tafi Gabon, gwamnati ta ɗora ɗan ƙari a kan kowane minti na kiran wayar salula don a tara guzurin Mena. Mai sayar da rake a Wacha ya biya, mai awon gero a kasuwar Dungass ta biya. Wanda aka tuna da shi ranar tara kuɗi yana da haƙƙin a tuna da ɗansa ranar zaɓen ƴan wasa. Ƙari a kan haka, wasu buƙatun ƙwallo buƙatun yaro ne ko da ba zai taɓa sa rigar Mena ba. Ba a yi wa ɗan wasa lasisi sai da takardar haihuwa, kuma a gasar ƴan ƙasa da shekara 17 CAF tana auna ƙashin wuyan hannu da na'ura don tantance shekaru. Gasar gunduma da ta ce ba mai shiga sai da takarda za ta tura iyaye ofishin magajin gari, kuma takardar nan ita ce yaron zai nema ranar jarrabawa da ranar yin katin ɗan ƙasa.

Suka ta gaba ta masu gaggawa ce. Suna cewa a ɗauko gogaggen mai horarwa daga waje, a nemo ƴaƴanmu da aka haifa a Turai, kamar yadda Komoros ta yi ta tsallake rukuni a gasar da aka yi a Kamaru, ko Kap Bar da ta samu tikitin kofin duniya na 2026. Ba na ƙin baƙo mai ilimi. Badou Zaki na Maroko ya yi aiki mai kyau, a hannunsa Mena ta ci Sudan huɗu da nema, ta bi Gana har Akara ta doke ta biyu da ɗaya a Nuwamban 2024, ta kuma zo ta biyu bayan Maroko a rukuninta na neman zuwa kofin duniya. Amma Komoros tana da jama'a mai yawa a Marseille, Kap Bar tana da tata a Lisbon da Rotterdam, yaransu sun tashi a makarantun ƙwallo na Turai da kuɗin wasu. Mu namu matafiyan suna Kano da Legas da Akara da Abijan da Libiya da Aljeriya, suna dako da gadi da ƙananan sana'o'i, ba su aje ƴaƴa a makarantun ƙwallo ba. Wadda ta fi kama da mu Muritaniya ce, ƙasar hamada mai jama'ar da ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na tamu ba. Ta gyara gasarta ta cikin gida da cibiyar horarwa da ƙungiyoyin matasa, ta je CAN sau uku a jere daga 2019, har ta doke Aljeriya a Janairun 2024. Mu ma duk lokacin da aka ba ƴan gida lokaci sun nuna abin da za su iya. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17, waɗanda suka fitar da Najeriya mai riƙe da kofin duniya na wannan rukuni, sun je Indiya sun doke Koriya ta Arewa sun tsallake zuwa zagaye na biyu. A farkon 2023, a gasar CHAN ta Aljeriya, Harouna Doula ɗin nan da aka ture gefe a Libreville ya jagoranci ƴan gida suka doke Kamaru, suka doke Gana biyu da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan ma amsa ce ga masu cewa zafin ranar Yamai ne kawai ke ci mana wasa, domin a sanyin hunturun Aljeriya aka yi wannan. Biyar da nema da Aljeriya ta yi mana bayan haka kuwa ta sake nuna inda ƙarfin yake ƙarewa.

Saura maganar fili. Saboda filin Seyni Kountché, wanda aka buɗe a 1989, bai cika sharuɗɗan CAF ba, Mena ta karɓi baƙinta a Kwatano a 2022, a Marrakech a 2023, a Berkane da Lome a 2024. Ƙungiyar da tikitinta biyu duk a gaban jama'arta ta same su, an raba ta da jama'ar. Da maki ɗaya tak Sudan ta riga mu zuwa gasar 2025, kuma ba wanda zai ce wasa uku a Yamai ba za su iya kawo wannan maki ba. Don haka mai cewa a fara gyara filin Yamai yana da hujja, ina tare da shi. Abin da nake ƙarawa shi ne, gyaran filin zai mayar da mu inda muke a 2011 ne kawai, mu ci a gida, mu je gasa, a jira mu a minti na tamanin. Kuma ƙasar da ta karɓi gasar ƴan ƙasa da shekara 20 ta Afirka a 2019 a Yamai da Maraɗi bai kamata a ce rufe fili ɗaya ya mayar da ita baƙuwa a wasanta na gida ba. Jahar da ta fi kowace yawan jama'a ta cancanci filin da zai iya karɓar wasan ƙasa da ƙasa.

Abin da ke hannunmu a nan ba ya jiran Yamai. Na farko fili ne. Garuruwanmu suna faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, kuma wurin da yara ke wasa shi ake fara hange tunda ba gini a kansa. Kowace ƙaramar hukuma cikin goma sha ɗayan da ke gundumomin nan biyu tana iya ware fili ɗaya, a auna shi, a yi masa takarda da sunan gari, a shuka bedi a kewaye, sarki da magajin gari su sa hannu. Sai lokaci. Babban hutun makaranta yana faɗowa ne cikin damina, lokacin da kowane saurayi ke gona, in kuwa aka jira rani ya yi nisa rabin ƴan wasan sun tafi ci-rani. Lokacinmu shi ne daga ɗaure gero zuwa ƙarshen sanyi, kuma dole a tsara shi tare da masu kokowa don kada a raba ƴan kallo. Malaman wasannin motsa jiki na kolejojinmu su ne masu horarwa da alƙalan wasa na farko, horo na ƴan makonni da shaidar hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, zai mayar da su idon da muka rasa, har da ɓangaren ƴan mata a cikin makarantu. Kusancinmu da iyaka ma, wanda wasu ke ganin yana janye hankalin yaranmu zuwa Kano Pillars da gidajen kallon wasannin Ingila da Sifaniya, riba ce in an yi amfani da shi. Daura da Babura da Maigatari da Gumel sun fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, wasan sada zumunci da ƙungiyoyinsu zai gwada ƙarfin yaranmu da kuɗin mota kaɗan. Akokana da Urana na Arlit da tallafin kamfanonin yuraniyom suka tsaya, mu ma akwai manyan ƴan kasuwar gyaɗa da wake da dabbobi, akwai matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a jahar nan a 2011, ana iya kai musu tsari rubutacce da lissafi a fili.

Abin da ba ya hannunmu kuwa, muna da bakin tambayarsa. Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, ya hau kujerar shugabancin FENIFOOT a 2009, kuma a Maris na 2025 aka zaɓe shi cikin majalisar zartarwar FIFA, matsayin da ke ba Nijar murya a inda ake raba kuɗin raya ƙwallo. Hukumar ƙwallo ta jahar Damagaram tana da wakilci a babban taron FENIFOOT. Ƙungiyoyin Magaria da Dungass su yi rajista da ita, su biya kuɗin lasisi, sannan su ɗora wa wakilan buƙata uku a rubuce: gasar ƴan ƙasa da shekara 15 da ta ƴan ƙasa da 17 mai hawa daga ƙaramar hukuma zuwa gunduma zuwa jaha, ziyarar masu horar da ƙungiyoyin matasa na ƙasa zuwa wasan ƙarshe na kowace jaha a kowace shekara, da bayanin kason kuɗin raya ƙwallo da ake kashewa a wajen Yamai, jaha bayan jaha.